Ranar da Ƙanena Ya Zo Neman Gafara

Da ana mayar da rana baya, da na mayar da ranar da ƙanena ya durƙusa a gabana yana neman gafara, ni kuma na yi murna.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a Argungu. Ni na riƙe noman shinkafa, shi ya riƙe su, wato kamun kifi. Wata shekara ya zame a bakin gulbi yana jan jirgi, bayansa ya bugu. Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya rubuta masa tiramol, ƙwayar rage ciwo, ya ce ya sha kwana goma mu dawo. Karatuna bai yi nisa ba, amma da Hausa ya faɗa mini, na ji sarai. Ba mu koma ba. Lokacin yankan shinkafa ne, kuma na lura in ya sha ƙwayar yakan miƙe ya ɗauki lauje ya taya ni har la'asar. Sai na ninke takardar na sa a aljihu, in magani ya ƙare in kai ta kemis. Daga baya mai kemis ya daina ma tambayar takarda. Da hannuna na saya masa, sau nawa ban iya ƙirgawa.

Kafin shekara ta zagayo, guda biyu ba sa yi masa komai. Ya rame, ya daina zama majalisa. In bai sha ba sai gumi da hamma da faɗa da matarsa. Da aka fara cewa ƙanen wane ɗan ƙwaya ne, kunya ta kama ni. Kunyar kaina na ji, ban ji tausayinsa ba. Na tara dangi, na zuba ƙwayoyin a masai a gabansu, na hana kowa ya saya masa.

Kwana uku bayan haka na same shi a zaure jikinsa yana ɓari. Ya ce, "Yaya, wallahi na gaji. Da rayuwar ga gara babu."

Na ce, "Kai, ruhe mani baki! Musulmi da wagga magana? Tashi ka yi alwala."

Ya tashi. Bai sake faɗa mini ba.

Bayan mako biyu sai ya natsu. Ya ɗauki gorarsa da homar da yake kamun kifi da su ya ba maƙwabcinmu kyauta. Ya bi dangi gida-gida har Augie yana roƙon gafara. Da ya zo gare ni ya ce, "Yaya, ka yahe mani," na dafa kansa na ce Alhamdulillahi. Har na ce wa matarsa ta kwantar da hankalinta, mijinta ya shiryu. Sallama yake yi da mu, ni dattijon gidan ban gane ba. A rana ta uku bayan zuwansa gare ni ya kashe kansa.

Masu ta'aziyya muka ce musu rashin lafiya ce. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo gaisuwa daga Gwadangaji ita ce ta ja ni gefe. Ta ce ƙwayar nan in ta kama mutum takan jefa shi cikin ƙuncin zuciya, raba shi da ita rana ɗaya kuma azaba ce, a hankali likita ke rage ta. Ina wannan bayani yake tun farko? Abin da ke cin raina, har gobe ana sayar da ita kamar alewa, mu kuma muna ta ɓoye gawarwakinmu da sunan zazzaɓi.

Ba na ɗora wa mai kemis abin da yake nawa. Roƙona ga mai karanta wannan: in likita ya ce ku dawo, ku koma ko shinkafa za ta lalace. In naku ya ce ya gaji da rayuwa, kada ku tura shi alwala ku juya baya. Ku zauna, ku tambaye shi kai tsaye abin da yake nufi, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar. Ni ban yi ba. Kada ku yi irin tawa.