Batirin Jirgin Baba

Shekarar da yashi ya cike mashigar da Baba yake fito a kogin Wudil, jirginsa mai inji ya koma kife a gaɓa. Masu ƙetarewa suka riƙa naɗe wando suna takawa da ƙafa. Sai yayana ya samo masa wata tsohuwar a-kori-kura, Baba ya riƙa ɗaukar wa manoman Dagumawa kaya zuwa kasuwar Juma'a.

Motar ta zo ba batir. Baba ya ciro na jirgin, wani baƙin ƙato, ya kai wa mai gyaran wutar mota. Mutumin ya gwada ta nan, ya gwada ta can, mazaunin ya ƙi ɗauka.

"Baba, wannan na ruwa ne. A sayi na mota a huta."

"Aro na ba ta," in ji Baba. "Ruwa na dawowa zan karɓi abina."

Ya ɗaure shi da igiyar komar kamun kifi. Ni kam raina ya ɓaci, don na san ruwan nan ba dawowa zai yi ba, kowa ma ya sani. Amma wa zai faɗa masa? Duk Asabar sai ya gangara gaɓa ya shafa wa jirgin kwalta, ya dawo yana ba mu labarin an ce an yi ruwa sosai a yamma.

Ruwan batir kuwa yana ta cin igiyar a hankali, ba wanda ya lura. Wata Juma'a ina gaba kusa da shi, mun ɗauko buhunan gero, muka faɗa rami. Igiyar ta tsinke, batirin ya bugi inji ya tsage. Baba ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallon ruwan yana tsiyaya a ƙasa. Na ce za a sayi wani. Ko kallona bai yi ba.

Kashegari ya ce wa yayana ya kira masu faskare, a kawo wa Inna katakon jirgin ta yi girki. Na yi kuka, na roƙe shi, ya ce in yi masa shiru.

Katakon ya daɗe bai ƙare ba. Duk tsawon lokacin nan, da Inna ta hura wuta sai Baba ya saka takalminsa ya fita. Har katakon ya ƙare bai ci tuwon gidanmu ba.