Pwezan Bi Mwanahawa Ya Yi Tauri

Duk mai bin bakin teku a Darussalam da la'asar ya san teburin Bi Mwanahawa. Pweza take soyawa, naman ruwan nan mai hannu takwas, ta yayyanka ƙanana, ta barbaɗa yaji, ta matsa lemun tsami. Na sauran mata sai ka tauna har muƙamuƙi ya gaji, nata kuwa tsoho marar haƙori ma ya ci ya lashe yatsa. In an yaba sai ta ɗaga kafaɗa, wai hannu ne. Alhali ta san sarai ba hannunta ba ne. Da laushinsa yake zuwa a kwando daga tsibirin da ake hangowa can, daga wata tsohuwa, Bi Siwema, da shekara da shekaru ba ta taɓa sa wa ido ba. Kombo mai kwalekwale ne ke kawowa.

Kwatsam nama ya fara zuwa kamar tayar keke. Masu saye suka soma zamewa teburin maƙwabciya, abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

"Kai Kombo, tsohuwar nan ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta lau, Yaya. Jiya ma ta zage ni tas."

"To me ya canza?"

"Ni ɗan aike ne. Ga jirgi nan, ki je ki tambaya."

Matar da aka haifa a bakin teku ba ta taɓa hawa kansa ba. Haka ta ƙanƙame katako tana salati har suka isa. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne shirun wurin. Ba ƙahon mota, ba ihun kwandasta, sai iska a ganyen kwakwa. Ta rangaɗa sallama da muryar kasuwa, awaki suka watse.

Kombo ya kai ta inda mata ke tsugune a rairayi, kowacce tana jibgar pweza da sanda. Ashe sirrin ke nan, duka ne kawai, mai yawa, har sai hannu ya mutu. Bi Siwema kuwa, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana zaune gefe, sandarta a cinya, tana ƙare mata kallo.

"Ke ce Mwanahawa? Na ɗauka kin fi haka ƙiba."

"Ni ce, Iya. Hannun ne ya gaza?"

Tsohuwa ta jawo pweza ɗaya, ta zabga masa sanda har yashi ya yi tsalle.

"Wannan ne ya gaza? Zauna, ina da tambayoyi. Fitilun garinku da ke kwana a kunne, wa ke jinya? Kuma da gaske ne mutane a tsaye suke cin abin nan, da tsinke?"

"Iya, kasuwata na neman mutuwa, ke kina zancen fitila. Me ya sa kika daina duka?"

"Sau nawa na aika Kombo ya ce ki zo, kina cewa ba lokaci? Ni na tsufa, ina so in ga wadda nake wa wahala kafin in mutu. Da ya ci gaba da laushi, da kin zo?"

Kunya ta rufe Mwanahawa. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a yashi kusa da tsohuwar.