Littattafan Yaƙin Kawu Takama

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Malbaza ya san Kawu Takama, yayan mahaifiyata. Shekara talatin ya yi yana gadi a gidan siminti. Dukiyarsa ba ta wuce keke ɗaya da littattafai bakwai masu jan bango ba, waɗanda wani injiniya Bature ya bar masa da zai koma gida. Labaran yaƙi ne na yara, da Faransanci, cike da hotunan sojoji da jirage.

Bayan la'asar yakan zauna gindin itacen bedi, ya ɗora tabarau, yana bin layi da yatsa yana juya mana da Hausa. Jarumin kullum ɗaya ne: Muttaƙa ɗan Bazaga, wanda ya ƙetare kogi da bindigogi uku a ka, ya goyo kyaftin ɗinsa daga cikin wuta. Mu kuwa muna gabansa a ƙasa, baki buɗe. Wa ya isa ya zagaya bayan babba ya leƙa takardarsa?

Littattafan nan ne suka sa na dage da lakwal, wato makaranta, har na zama malama. Bana, da na ga ɗalibaina sun fi son waya da littafi, na ce bari in kawo musu gwani. Kawu ya yi ta zillewa, yau ciwon ƙafa, gobe suna a Alela. Ni kuwa da naci kamar ƙuda, sai da na jawo shi.

Yara sittin a aji, ga darakta a bakin ƙofa. Na ba shi kujerata, na tsaya bayansa. Ran nan ne idona ya fara faɗawa kan shafin.

Innalillahi! Bakinsa na cewa Muttaƙa ya kutsa cikin harsasai, yatsansa na kan layin da wani yaron Bature yake shan madara a jirgin ruwa. Na bi shafin sama da ƙasa, babu Muttaƙa, babu Bazaga. Baƙin mutum ɗaya ne a hoton, can baya, ɗauke da akwati, ko suna ba a ba shi ba. Shekara da shekaru, ashe kallon kitse muke yi wa rogo!

Sai Hassana, ɗalibata mai kaifin baki, ta ɗaga hannu. "Madam, a rubuta mana sunan Muttaƙa a allo yadda yake a littafin."

Yatsan Kawu ya tsaya cak. Kalma ɗaya daga bakina, girman tsohon nan ya zube gaban jikoki. Na ce lokaci ya yi, a fita hutu.

Da ajin ya watse na rufe ƙofa, raina a ɓace. "Haba Kawu! Ka iya karatun nan kuwa?"

Ya cire tabarau. "Ko harafi ɗaya, Wasila. Ban taɓa taka lakwal ba."

"To Muttaƙa fa? Ƙarya ce kake shirga mana tun muna yara?"

"Ubana ne," in ji shi. "Mijin kakarki na fari. Ina ciki aka kwashe su daga Bazaga zuwa yaƙin Nasara, bai dawo ba. Inna har ta rasu ba ta ambaci sunansa ba, kin san mace ba ta kiran sunan miji. A bakin wani tsohon soja na ji shi. Da na ga mutumin nan da akwati, na ce in ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne. Sun bar shi ba suna, ni na ba shi."

Kunya ta rufe ni, ni da na zo da faɗa.

Ya turo mini littafin. "Ki rubuta shi nan, ƙarƙashin ƙafarsa."

Na ɗauki biro na rubuta. Ya mayar da tabarau, ya ɗora yatsa a kan rubutun, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne Muttaƙa?"

"Shi ne, Kawu."

"Ashe haka yake," ya ce. "Shekara tamanin da huɗu, sai yau na gan shi."