Dubu Goma da Ɗaya a Gaban Mataimakin Darakta

Har gobe ban manta da Larabar da muka je Gusau gasar lissafi ba. A zango na biyu ne, ina malamin lissafi mai matakin albashi na takwas a wata sakandare a Bungudu. Ga ƙa'idar gasar: kowace makaranta ɗalibi ɗaya, tambaya ta baki, minti biyu. Wanda ya zo na ɗaya a ɗauke masa nauyin karatu har ya gama. Hadiza muka kai, 'yar wani manomi daga Nahuce, wadda mahaifinta ya riga ya ce bana ce shekararta ta ƙarshe, ƙarfinsa ya ƙare.

Ita da wani ɗalibi daga Tsafe suka rage. Alƙalin gasar Mataimakin Darakta ne, wanda rabonsa da alli tun kafin a haifi yaran. Ya gyara babbar riga ya karanta: shin 10,001 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da su kansu?

Hadiza ta duƙa kan takarda. Dab da cikar lokaci ta ce tana rabuwa, 73 sau 137 ne.

Alƙali ya leƙa takardar amsa. "Ba daidai ba."

Aka miƙa wa ɗan Tsafe. Amsa biyu ce tak a duniya, an kashe ɗaya, ya ɗauki ragowar. Zaure ya ɗau tafi.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ga allo nan, a buga a gani."

Ya ce, "Malam, takardar ga daga ohis ta hito. Mutum ukku sunka sa hannu. Kai ka hi su?"

"Ranka ya daɗe, ko a waya a danna."

"Ba a shigowa da waya zauren gasa. Wane mataki kake?"

Na faɗa masa. Ya rubuta sunana a hankali, har yana tambayar yadda ake rubuta na mahaifina. Shugaban makarantarmu ya ja mini riga, ya raɗa mini cewa takardun ƙarin girmana suna kan teburin mutumin nan. Na zauna. Ina jin kunyar zaman nan har yau.

Bayan mako uku aka aiko da sanarwa cewa an gano "ɗan kuskuren bugu", amma sakamako yana nan daram. Aka gode wa alƙali bisa jajircewa.

Ku sababbin malamai, abin da na koya shi ne, a aikin nan lamba tana rabuwa ne idan ofis ya yarda, kuma mai gaskiya yakan san farashin bakinsa. Farashin nawa bakin mataki na tara ne.

A motar komawa ran gasar, Hadiza ta tambaye ni, "Malam, ran jarrabawa wacce zan rubuta, ta gaskiya ko ta ohis?"

Ba ta kai ga jarrabawar ba.