Ƙarafan Gardi a Maƙerar Kawu

Kawu maƙeri ne a Madarumfa, maƙerarsa tana gefen hanyar da ke gangarawa tabki. Mutanen gidansu ba su salla, amma da mai salla da marar salla, kowa hauyarsa daga hannun Kawu ta fito.

A farkon shekarun mulkin kai, hanyar Ɗan Issa ba ta biyuwa sai da addu'a. Wani ɗan fashi da ake kira Ɗogo ya addabi masu canji da fatake. Wata ranar kasuwa da la'asar yaransa suka tare Kawu, suka kwantar da shi da wuƙa a maƙogwaro, suna zaton kuɗi ne a jakarsa, alhali kayan ƙira ne, awartaki da masaba. Sai ga wani gardi, wato dogarin gwamnati, mai suna Inusa a kan doki. Shi kaɗai ne, amma ya yi ta busa usur kamar mai kiran runduna, ɓarayin suka faɗa daji. Ba a jima ba aka kama Ɗogo, aka sa masa mari na ƙarfe a ƙafa, aka kai shi kaso, wato gidan yari, a Maradi.

Da aka sallami tsofaffin gardi, sai aka watsar da kayansu. Wani ya kawo wa Kawu marin nan na Ɗogo don a ƙera masa lauje. Kawu ya juya shi a hannu, ya kasa sa shi a wuta. Ya ba mutumin sabon lauje, ya rataye marin a bango.

Daga nan abin ya kama shi. Ankwa, sarƙoƙi, kwaɗon ƙofar kaso, likkafa, linzamin dokin gardi, har jar dara wadda gara ta ci gefenta. Daga garin Sarkin Yamma ma ana kawo masa. Kowane ƙarfe Kawu ya san mai shi da ɓarawon da ya ɗaure. Ran Lahadi yana goge su da man gyaɗa, matarsa Lantana tana mita wai man miya yake ƙarar mata.

Sai fari ya zo. Mutane suka sayar da bisashe, suka sayar da tukwane, a ƙarshe har hauyoyi, wasu suka tsallaka Najeriya. A daminar 1974 ruwa ya sauka sosai, aka dawo, aka yi shuka da iri na taimako. Hatsi ya tsiro, ciyawa ta tsiro ta fi shi. Ga noma ya zo, babu abin noma. Ƙarfen tsofaffin motoci da Kawu ya saba saye ya ɓace daga kasuwa. Mutane suna zuwa su tsuguna a bakin maƙera, su dubi bango.

Wata safiya Inusa ya shigo da sanda, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi.

"Kai, ɗan wuta, ciyawa ta cinye mini gona, kai kana nan kana wa Ɗogo gadin mari?"

"Baba Inusa, naku ne fa. Don ku na aje su."

"Namu? To na zo karɓa. Ni da na ɗaure mutum da shi ban yi begensa ba, sai kai da aka kwantar kamar ragon layya?"

Masu tsugune suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya daɗe yana duban bangon, sannan ya miƙa hannu ya sauke marin.

"Zauna ka ja mini zuga-zugi," ya ce. "Tun da kai ka iya busa."

Hauyar farko ta Inusa ce. Sarƙoƙi suka bi, kwaɗo ya bi, likkafa ta bi. Kafin ya sa kowane ƙarfe a wuta sai ya faɗi sunan gardin da ya riƙe shi, wanda zai karɓi hauyar ya ce Allah ya jiƙansa, ko Allah ya ƙara masa lafiya. Bai karɓi ko zangarniya ba sai bayan kaka.

Maƙerar ta rushe tuni. Amma a unguwar bakin tabki akwai gidajen da suka ci tuwo a shekarar nan saboda Kawu ya yarda bangonsa ya zauna wayam, kuma tsofaffinsu har yau suna sa masa albarka.