Inda Na Ajiye Ƙanena A Tele

Shekarar da autanmu ya tahi Amirka, ni na zama malamin meteo, wato hasashen yanayi, a gidanmu na Filinge. Ba don na san komai ba. Ni na sawo tele da parabol mai kamo tashoshin waje, ni kuma na yi lakwal, karatun boko, to wa zai ja da ni?

Da damina ta yi nisa, matar da ke karanta meteo ta fara nuna wani farin abu yana juyawa bisa teku kamar ana dama fura. Na ce ma Inna guguwar ƙasar su Auta ke nan, mai ɗauke gidaje. Inna ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne. Sai ta ce, "Kai wannan, nuna mini garin yaron nan."

Wallahi ban san inda garin yake ba. Amma in ce ban sani ba gaban matata da maƙwabta? Na miƙe na dangwala yatsa wani wuri, daidai inda gwiwar hannun matar ke tsayawa, na ce ga shi nan.

Tun ranar Inna ta riƙe wurin nan. Ko an nuna hadari na taho ma ƙasarmu ta Kurfai, geronmu na neman ruwa, ita ba ruwanta. Gwiwar hannun nan take kallo, tazbaha na tafiya. Ni kuwa ina gefe ina ƙara gishiri, ina fassara Faransanci har da abin da matar ba ta faɗa ba.

Rannan guguwa ta hau wurin ta zauna daram. Munka kira Auta, waya ba ta shiga. Inna ta ƙi cin tuwo. Ni ma na fara yarda da ƙaryata, ina cewa wa ya sani ko yatsana ya dace. Da safe ta sa anka daka gumba anka raba ma unguwa, ta kuma ce a yanka jar akuyarta, wadda ta hana a kai kasuwar Baleyara ko lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na dubi idonta, na kasa. Ni na riƙe ma mahauci ƙafafun.

Washegari Auta ya kira, lafiya lau, caji ne ya ƙare masa. Ya ce can ko iska babu. Inna ta ce Allah ya karɓi sadaka.

Da ya zo ganin gida, muna zaune gaban tele, ta nuna masa garinsa. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wannan wani tsibiri ne, shi bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira faɗa.

Inna ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta tambaya ko akwai mutane can. Auta ya ce akwai.

"To, ai su ma suna da uwaye," in ji ta.

Inna ta rasu. Yanzu na san garin Auta sarai, an nuna mini. Amma duk damina, in farin abin nan ya fara juyawa, gwiwar hannun nan nake fara dubawa.