Baba Dachung da Asalin Sunan Da Tuwo

Kowace Asabar, tun raɓa ba ta bushe ba, tsohuwar motar Baba Dachung takan taso daga McLeansville ta nufi filin ƙwallo na bayan wata coci a gabashin birnin Greensboro, nan ƙasar waje inda muke zaune. Yakan sauke igiya da turaku da ɗan keken fenti mai ƙarar tsiya. Ya kafa turke, ya ja igiya, ya runtse ido ɗaya ya duba, sannan ya bi ta da farin fenti yana ɗingishi. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aikin, ba kuma wanda ya sa shi.

Ƙungiyar da yake ja wa layi sunanta Da Tuwo. Eh, tuwon da kuka sani. Duk lokacin da ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo, Baba yakan daka wata tsawa daga gefen fili, 'yan kallo su amsa, "Da tuwo!" Daga nan sunan ya manne.

Bana gwiwa ta ƙi, Baba ya ce zai ajiye igiya. A daidai lokacin ne kyaftin Ma'aruf ya kawo shawarar a canja suna.

"Gaskiya in za mu shiga gasar lig, dole mu yi rajista da suna mai kyau," in ji shi. "Yarana ma dariya suke yi. Kulob ne ko gidan abinci?"

Aka sa ranar ƙuri'a. Rahina, ma'aikaciyar jinya kuma sakatariyar ƙungiyar, ita ce abin ya tsaya wa a rai. Mutumin da ba ya ko son tuwo, me ya haɗa shi da kiran tuwo a filin ƙwallo? Ruwa dai ba ya tsami banza. Ta tsaya kusa da shi ta kasa kunne, sai ta ji ashe abin da yake faɗa daban ne.

"Baba, don Allah me kake cewa ne?"

Ya yi dariya har ya dafa keken fenti. "'Yata, shekara sha tara, sai yau aka tambaye ni. Do toho nake cewa."

Ashe yana saurayi, wani dillalin 'yan wasa ya ɗauke shi daga Jos ya kai shi wani ƙaramin gari a ƙasar Cek, garin da bai kai unguwa guda ta Jos ba. Ma'aikatan masana'antar gilashi ne suka kafa kulob ɗin garin, kusan shekara ɗari da suka wuce. Yaƙi ya zo ya wuce, masana'anta ta rufe, matasa suka watse birni, amma ba a taɓa rasa mai jan layi ba. Suna da wani ƙaton littafi da suke rubuta komai, har sunan wanda ya gyara raga.

A wasansa na sha ɗaya gwiwar Dachung ta karye, dillali ya yi layar zana. Mai kula da fili, wani tsoho Bohumil, shi ya ɗauke shi zuwa gidansa. Ba Hausa, ba Turanci. Da Dachung ya fara koyon taka ƙafa, tsohon ya kama hannun Dachung ya ɗora a kan keken fenti ya ce, "Do toho." Wato shiga, ci gaba, kada ka tsaya. A kan farin layi ya sake koyon tafiya.

"To me ya sa ba ka gyara mana ba, Baba?" in ji Rahina.

"Mutanen da suka baro gida, sun ji tuwo a bakina sun yi dariya tare. Me zan gyara?"

Rahina ta tuna wata Asabar da labarin rikici ya iso daga gida. Ranar 'yan coci suka tsaya gefe guda, 'yan masallaci gefe guda, ba mai kallon wani. Baba ya miƙa bakin igiya ga Seth, ɗan dattijon coci, ɗaya bakin ga Ma'aruf, ya ce layi ba ya miƙewa sai mutum biyu sun ja. Aka ja, aka yi wasa.

Kai ne, Baba, ka riƙe mu a ranar da muka kusa sakin juna. Kai ne mai layin da ba ya karkata, ko da ƙafar mai shi tana karkata.

Ranar ƙuri'a Rahina ta ba da labarin daga farko har ƙarshe. Da ta gama, Ma'aruf ya ce, "Anti, na janye. Rubuta Da Tuwo a fom ɗin." Ta sayi babban littafi, ta sa sunan Bohumil a shafin farko, na Dachung a ƙarƙashinsa.

Asabar da ta wuce Ma'aruf ne ya tura keken fenti. Layin ya fito kamar sawun maciji, ya tsaya cikin kunya yana waiwaye. Baba yana zaune a kujera, ya ɗaga sandarsa, kuma a karon farko ya faɗe ta yadda muke faɗa: "Da tuwo!" Ma'aruf ya sunkuyar da kai ya ci gaba da turawa.

Mun gode, Baba Dachung, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka saba zuwa mu tarar da fili fes, igiyar tana nan tana jiran hannu biyu. Kuma in kun ji wani dattijonmu yana maimaita kalmar da ba ku gane ba, ku tambaye shi tun yana kusa.